Daga Gwada Zuwa Turai, Hanya Ta Minna Ta Bi

A gidajen kallon ƙwallo na Gwada, da zarar an tada janareto, benci kan cika maƙil da matasa masu ihun Real Madrid da Barcelona. Kaɗan ne cikinsu suka taɓa shiga filin Bako Kontagora da ke Minna don kallon Niger Tornadoes, ƙungiyar da ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 2000.

Wannan sakaci ne babba, kuma tarihin Ahmed Musa ya isa shaida. A Kano Pillars ya fara haskawa, inda ya zura ƙwallo 18 a kaka guda, kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010. Daga nan sai CSKA Moscow, sai Leicester ta Ingila a 2016. Ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2014, sannan a 2021 ya dawo Pillars.

Gasar gida ce ta fito da shi. Ya kamata Tornadoes ta riƙa tura masu farautar 'yan wasa zuwa Gwada da Kuta, ƙaramar hukumar Shiroro kuma ta gyara filayen makarantu ta farfaɗo da gasar unguwanni.