Ciwon kan da ya ƙi jin magani

Wannan karon maganar lafiya munka zo da ita.

Akwai wani ƙari da likitoci ke kira meninjiyoma. Yana tsirowa a jikin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, yana girma sannu a hankali har ya danne ta. Ya fi kama manya, kuma mu mata ya fi samu, kusan ninki biyu na maza. Galibinsa ba sankara ba ne, ana yi masa magani.

Ba kowane ciwon kai ne ƙari ba, kar hankalinku ya tashi. Amma in ciwon kai ya yi watanni yana ƙaruwa, ko babbar mace ta fara faɗuwar farfaɗiya alhali ba ta taɓa yi ba, ko gani ya ragu, ko hannu da ƙafa na gefe guda sun yi sanyi, ko halinta ya sauya, to a kai ta likita. Sau da yawa mukan ce iskoki ne, a yi ta turare har a makara. Mu yi addu'a, mu kuma kama hanya.

Da hoton kai na na'ura ake gano shi, kuma hanyoyin magani uku ne. In ƙarami ne bai dame ta ba, likita kan bar shi, a riƙa maimaita hoton. In ya danne ƙwaƙwalwa, sai aikin tiyata a cire shi. In ya zauna inda wuƙa ba ta kaiwa, ko wani abu ya saura, sai a gasa shi da hasken na'ura. Ƙwayar da ake bayarwa ta hana faɗuwa ce ko ta rage kumburi, ba ta narkar da shi. Sassaƙe ma haka.

A fara da likitar gari, su rubuta takardar turawa. Masu aikin ƙwaƙwalwa suna manyan asibitocin Yamai, kuma tun 2021 anka buɗe wurin gashin a cibiyar yaƙi da sankara ta can. Asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato shi ma yana da sashen wannan aiki.

To, ina namu? Daga Ƙonni zuwa Yamai ya haura kilomita 400. Ga kuɗin mota, ga na hoto, ga cimar mai jinya. Nan ne mata da yawa ke cewa “bari sai bayan kaka”. Asusun taimakonmu ba don suna da biki kaɗai munka kafa shi ba. A zaman wannan mako, kowace ƙungiya ta tsai da nawa za ta ware don tafiyar asibiti, da wadda za ta raka 'yar uwa in ta kama. A rubuta cikin littafi, gaban kowa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa.