Wai Azumin Barin Lemo Ke Nan?

Ranar Larabar Toka wani abokina ya dawo daga coci da toka a goshi, ya ce shi bana ya bar shan lemon kwalba har Ista. Kafin azahar na iske shi wurin mai shayi, an soya masa ƙwai huɗu. Wani Musulmi da muke ɗaki ɗaya ya dube ni ya ce, "Malam, wannan shi ne azumin naku?" Na rasa ta cewa, don kuwa bai yi ƙarya ba.

Ni Kirista ne, kuma da 'yan'uwana nake. Wai yaushe muka mai da horon kai kayan mutanen da? Yesu kansa kwana 40 ya yi a jeji ba ci, sannan ya fuskanci Shaiɗan. Mu kuwa so muke mu ka da Iblis da cikinmu dam. Haba jama'a!

Wasu za su ce ai alherin Allah ke ceto, ba yunwa ba. Na yarda. Amma wa ya ce azumi kuɗin sayen Aljanna ne? Ɗan dambe ba ranar karawa yake koyon naushi ba. Wanda bai iya ce wa cikinsa a'a ba, ina zai iya ce wa cin hanci ko satar jarrabawa?

Ku dubi Kibɗawan Masar. Antoniyus nasu, wanda ya rasu a shekarar 356, gonakin gadonsa ya rabar, ya shige hamada, ya yi kusan shekara 20 a kaɗaice cikin wani kango. Har yau jikokinsa a bangaskiya kwana 55 suke azumi kafin Ista, ba nama, ba madara, ba ƙwai. A 2015 'yan ta'adda suka yanka mutum 21 a bakin teku a Libiya, 20 daga cikinsu Kibɗawa ne 'yan ci-rani, masu aikin ƙarfi. Ba malaman tauhidi ba ne, amma da sunan Yesu a bakinsu suka cika. Ni dai ban yarda a bakin tekun nan suka fara koyon jimiri ba.

Mu fa? Wasu masu wa'azinmu mota da biza suke yi mana alkawari kowace Lahadi. Abokin nawa ma, da na yi masa maganar Antoniyus, cewa ya yi wai mutumin bai san daɗin duniya ba ne, ya miƙa kofi a ƙara masa madara.