Lasisi a Aljihu, Matuƙi a Ƙasa

Mazauna Kawo da Mando sun saba da ƙugin ƙananan jirage da sassafe. Daga sansanin sojojin sama suke tashi, inda ake koya wa ƙananan hafsoshi tuƙi da Super Mushshak ƙirar Pakistan. A cikin sansanin akwai cibiyar fasaha ta AFIT, wadda yanzu ta zama jami'a, har farar hula na karanta injiniyancin jirage a cikinta. A tsohon filin jirgin Kaduna aka harhaɗa jiragen horo na Air Beetle a shekarun 1990. Tafiyar awa guda zuwa Zariya kuma, ga kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa tun 1964. Da wuya a sami wani yanki a Afirka ta Yamma da ya tara waɗannan abubuwa wuri guda. Duk da haka, matashin da ya karɓi lasisinsa a yau ba shi da hanyar da zai bi daga nan zuwa kujerar mataimakin matuƙi, sai dai idan mahaifinsa mai hali ne.

Kuskuren ya faro ne daga yadda ake kallon lasisin. Iyaye da gwamnoni sun ɗauke shi tamkar digiri: a yi walima, a ɗauki hoto da farar riga, sai jiran albashi. Alhali lasisin farko, wanda ake samu bayan kimanin awa 40 a sama, bai ma halatta wa mutum karɓar kuɗi don tuƙi ba. Na kasuwanci yana buƙatar wajen awa 200, tare da shaidar iya tuƙi da na'urori kaɗai idan ba a ganin ƙasa (wanda ya taɓa kwana a filin jirgi saboda hazon hunturu ya san amfaninta), da shaidar tuƙa jirgi mai inji biyu. Lasisin zama kyaftin a jirgin fasinja kuwa sai an cika awa 1,500. Tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan ne ramin yake, kuma ba wanda ya ɗauki alhakin cike shi.

Ga kuma shaidar ƙwarewa a kan takamaiman samfurin jirgi, a ce Boeing 737, wadda kamfanoni ke so matashi ya zo da ita. Kuɗinta ba ya kasa dala dubu goma, sau da yawa ya ninka haka. Mafi ciwo shi ne ilimin tuƙi ba ya jira. Takardar lafiya tana ƙarewa, shaidar tuƙi da na'urori tana neman sabuntawa, hannu kuma yana mantuwa. Matuƙin da ya shekara uku a gida ya koma baya, kuma sai ya biya kafin ya dawo inda ya tsaya.

An riga an gani a Kano. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙi, abin da ba za a raina ba. Suka dawo da lasisi, da yawansu suka shafe shekaru ba su shiga jirgi ba. An biya kuɗin tushe, ba a yi tanadin rufi ba.

A Amurka an gina tsani. Ɗalibin da ya shiga jami'a da lasisinsa na farko yana hawa mataki-mataki a cikin karatun digirinsa, har ya sami shaidar koyarwa, jami'ar ta ɗauke shi ya koyar da na bayansa. Ana biyansa, awanninsa na taruwa. Bayan haɗarin jirgin Colgan a 2009 an wajabta wa mataimakin matuƙi awa 1,500, amma aka rage zuwa 1,000 ga mai digirin fannin daga jami'ar da aka amince da ita. Habasha ta bi wata hanya: kamfanin Ethiopian Airlines na da makarantarsa, shi ke horarwa, shi ke ɗauka. Nijeriya ma ta taɓa yin haka lokacin Nigeria Airways, kafin ya durƙushe a 2003. Chanchangi, wanda hedikwatarsa ke Kaduna, shi ma ya daina tashi.

Masu kamfanoni za su ce masu inshora da masu ba da hayar jirage ne ke gindaya sharaɗin gogewa, kuma ba za a yi wasa da rayukan fasinja ba. Gaskiya ne. Sai dai kamfanin da ke biyan baƙon matuƙi da dala shekara da shekaru ba zai ce ba shi da halin horar da ɗan ƙasa a kan yarjejeniyar ya yi masa aiki na wasu shekaru ba. Kowa so yake wani ya yi renon, shi ya zo ya ɗauka.

Abin da ake nema daga gwamnatocin Arewa bai kai kuɗin da suka riga suka kashe ba. Jihar da za ta ɗauki nauyin matasa hamsin, gara ta ɗauki ashirin ta kai su ƙarshe, da shaidar samfurin jirgi da takardar yarjejeniya da kamfani kafin a tura kowa. AFIT da kwalejin Zariya kuma su haɗa digiri guda wanda ɗalibi zai fita daga cikinsa da shaidar koyarwa, a riƙe shi shekara biyu yana koyarwa da albashi. Kafin a sake buɗe wani sabon gurbin tallafi, ya kamata majalisun dokokin jihohi su nemi a kawo musu sunayen waɗanda aka horar a baya, da adadin awannin da kowannensu ya yi a sama tun ranar da ya dawo.