Aikin Hannu Ba Tsintsiya Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi magana a kan sa'ar nan ta aikin hannu da za mu tarar a makarantun da za a aike mu. A wurare da dama abin da a kan yi shi ne a ce wa yaro ya kawo tsintsiya ko 'yan kuɗi, a rubuta masa maki. Wannan ba koyarwa ba ce, haraji ne. A ganina rini da saƙa da buga ado a jikin ƙyalle su ya kamata su cika sa'ar nan.

Kada wani ya ce baƙon abu ne. Cikin 1851 wani Bajamushe mai suna Barth ya ratsa ta Machina a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuwa rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano har Tambutu a kan kai su. Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Nguru cikin 1930, yana kwasar gyaɗa yana sauke yadin kanti. Aka buɗe masaƙar inji a Kaduna cikin 1957, ita ma ga shi ta rufe. Yau atamfar da ke kasuwar Gashuwa da yawanta daga ƙasar Sin take, an zana mana abin da aka zaci muna so.

To, ba domin kewar da kaɗai nake faɗi ba. Masaƙin da bai taɓa shiga aji ba ya fi wasunmu lissafi. Kafin ya jefa ƙoshiya sai ya ƙidaya zare, baƙi kaza fari kaza, in ya kuskure ɗaya saƙin nan mai kama da jikin zabo ya lalace. Haka yaro. Ba shi ƙyalle yadi guda tsawo da faɗi, watau inci 36, da guntun sakaina wanda ya sassaƙa wa fure, ka ce ya buga a kowane inci 4. Zai sami 9 a layi, 81 duka, kuma ba zai sake mance tara sau tara ba, gama hannunsa ya yi shuɗi a kansa.

Karofi kuwa ɗakin kimiyya ne. A zuba baba da toka da katsi, a bari su ruɓa kwanaki. A ɗaure tsakuwa cikin fari da zare, a tsoma. Ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idon yara, inda aka ɗaure kuma ya tsaya fari fat. Wane allo ne zai nuna aikin iska haka?

Na san iyaye za su ce sun kawo ɗansu ya zama ma'aikaci, ba marini ba. Suna da gaskiyarsu, amma ofis nawa ne a Machina, yara kuma nawa?

Roƙona ga hukumar kwalejinmu ƙarami ne. A sayi manyan tukwane biyu, tun da haƙa karofi da wuya, a kuma gayyato tsohon marini da masaƙi sau ɗaya a mako su koya mana tukuna. A biya su ladansu kamar kowane malami, a ba su kujera, kada a bar su tsugune a bakin ƙofa.