Horon da ba ya buƙatar kuɗin guzuri

Duk lokacin da aka tayar da zancen taɓarɓarewar ilimi a jihar Tawa, amsa ɗaya ake bayarwa: a ƙara wa malamai horo. Ban ƙi ba. Sai dai idan muka ce horo, abin da ke zuwa mana a rai shi ne zaure a cikin birni, da kwana uku ko biyar, da gwani daga Yamai, da kuɗin guzuri ranar rufewa. Ni kuwa a ganina, horon da ya fi gyara malami shi ne wanda yake yi wa kansa bayan an tashi yara, ya zauna ya tambayi kansa: abin da na koyar yau ya shiga, ko allo kawai na cika?

Kowane malami yana da tasa falsafar koyarwa, ko da bai taɓa furta ta ba. Wani ya ɗauka aji mai kyau shi ne wanda ba ka jin motsin kowa. Wani yana ganin in yara suka maimaita da babbar murya to sun gane. Wani kuma burinsa ya kai ƙarshen manhaja kafin hutu, ko da rabin ajin an baro su tun shafi na goma. Akwai ma wanda a ransa ya riga ya cire ƴan matan da ke zaune a baya, don yana ganin aure za a yi musu. Yawancin waɗannan ra'ayoyi ba a makarantar horon malamai ta Kaocen muka koye su ba. Mun gaje su ne daga mushen da ya koyar da mu muna yara, kuma muddin ba mu fito da su fili mun duba ba, su za su ci gaba da jan ragamar ajinmu.

A shekarar 2017 gwamnati ta yi wa malamai ƴan kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu makin da ake buƙata. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a cikin yara goma da ke gama firamare a Nijar, ba a samun ko ɗaya cikakke da ya kai matakin da ake so a karatu. A na 2019 an kai wajen uku cikin goma. An ci gaba, amma har yanzu bakwai na baya. Jarrabawa tana auna abin da malami ya sani. Abin da ke faruwa tsakaninsa da yara kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dubi halin da malami yake ciki a arewacin Adar, a Affala ko Barmu ko Takanamat. Yaro ya shigo CI da Hausa ko Buzanci ko Fulatanci, an tare shi da Faransanci. An buɗe makarantu a watan Oktoba, amma ajin zana sai an gama girbi an samu kara. Iyaye maza da yawa suna ci-rani a Abijan ko Libiya, ba mai duba littafin yaro da dare. Ranar kasuwa aji ya ragu, da bazara kuma rijiya ta ɗauke wasu. Takardar shirin darasi da aka tsara don ƙasa baki ɗaya ba ta san wannan ba. Malamin da ke wurin ne kaɗai zai iya daidaita ta, kuma sai in yana lura yana tunani.

Shawarata mai sauƙi ce. Kowane malami ya ware ƙaramin littafi, ya ba shi minti goma a rana, ya amsa tambaya uku: me na so yara su iya yau, su wa suka iya kuma ta yaya na tabbatar, me zan sauya gobe? Tambaya ta biyu ita ce mai wuya. Ka kira yara biyar daga tsakiya da bayan aji, ban da masu ɗaga hannu kullum, ka ba su layin da ba ya kan allo su karanta. Abin da ka ji, shi za ka rubuta.

Wannan littafi shi ya kamata mu riƙa kai wa taron CAPED. An kafa wannan taro ne don malaman makarantun da ke kusa su koya daga juna, amma sau da yawa yakan koma kwafar takarda da sa hannu. A ce malama guda ta koyar da darasi, sauran su zauna suna kallon yara maimakon kallonta: wa ya ɓace, a wace gaɓa, me ya dawo da shi? Daraktoci da sufetoci kuma su yi hattara. Ranar da aka mai da littafin nan abin kama laifi, daga ranar ƙarya za a riƙa rubutawa a ciki.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce: kuɗin wata ba ya zuwa kan lokaci, aji ya cika maƙil, littattafai ba su isa ba, sannan a ce mu zauna tunani? Kukansu gaskiya ne, kuma tunani ba ya sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta. Amma yaron da ke CE1 bana ba zai jira a gyara kasafin kuɗi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Iyaye, ku ma kuna da rabo. A nan jihar Tawa hukumar JICA ta Japan ta fara shirin "Makaranta don Kowa" a 2004, inda jama'ar gari ke zaɓen kwamitin COGES su tsara aikin makarantarsu, daga baya tsarin ya bazu ƙasar gaba ɗaya. Kwamitin da ya iya kafa rumfa zai iya tambayar yara nawa ne ke iya karatu a CP. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba ma za ta iya cewa ɗanta ya bayyana mata darasin yau da Hausa. In ya kasa, ta je wurin malam su tattauna, ba faɗa ba zargi.

Tun daga 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, bayan sama da shekara hamsin da buɗe makarantar gwaji mai harshe biyu a Damagaram a 1973. Doka ba za ta faɗa wa malami a wane minti ya kamata ya koma harshen da yaro ke ji ba. Wannan sai wanda ya saba duba aikinsa. Don haka, malam, malama, kafin taron CAPED mai zuwa ku sayi littafin, ku kira yaran nan biyar, ku zo mana da abin da kuka ji.