RA'AYINMU: Neman Gudummawa Ma Ilmi Ne

Duk inda 'yan Arewa suka zauna a Kudu, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Ibadan, akwai ƙungiyar taimakon juna. In gobara ta ci kasuwa, ko wani ya rasu ba dangi kusa, ita ake nema. Amma kuɗinta bai wuce karo-karon ranar Juma'a da aljihun attajiri guda ba. Ran da attajirin ya koma gida, aiki ya tsaya.

Manyan masu ba da gudummawa ba su jin roƙon baki. Sai sun ga rajistar Hukumar CAC, da asusun banki da sunan ƙungiya, da takardar bayanin aiki, da ƙiyasin kuɗi, daga baya kuma rahoton yadda aka kashe kowace naira.

Yadda ake tsara waɗannan takardu ana koyonsa yanzu ta intanet. Coursera da Acumen Academy suna da darussa, waɗansu kyauta, sai dai da Turanci ne.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabanni: kowace ƙungiya ta zaɓi matasa biyu masu ilmin boko, ta saya masu data, su koya, su fassara wa dattawa. Jama'a, a yi himma.