Ayari Ba Madugu Kaɗai Ba Ne

Ya ku malamai da attajirai, ina so mu yi shawara a kan wata farilla da muka yi sakaci da ita.

Kowane uba da ya sa ɗansa makaranta burinsa ya zama likita. In yaro bai sami gurbin likitanci ba, sai uban ya ce wahala ta ƙare a banza, ya mai da shi kasuwa. Wannan kuwa kuskure ne babba. Fatake sun sani ayari ba ya tafiya da madugu kaɗai, sai da jagaba, da uban dawaki, da malamin ayari. To, haka asibiti take. Likita madugu ne, amma hannunsa a ɗaure yake in babu mai awon jini, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai haɗa magani, da mai gashin ƙashi, da mai awon ido, da duba-gari.

Ku tuna abin da ya faru a Zamfara cikin 2010. Yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har suka kai wajen 400. Ba a tabbatar da asalin cutar ba sai da aka auna jininsu, aka tarar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Ashe mai awon jini yakan ceci gari guda, ko da ba wanda ya san sunansa. Haka kuma, cikin 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan tare da mu, suna bukatar mai gashin ƙashi da mai ƙera takalmin ƙarfe.

Malamai sun san Imamu Gazali, cikin Ihya'u, ya lissafa ilmin magani a cikin farillan kifaya, wato in wasu suka ɗauka ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari duk gari ya yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi wallafa a kan magani. Saboda haka wanda ya ce wannan aiki baƙo ne gare mu bai duba tarihi ba.

Hanyar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Da fari yaro ya ci darussa 5 a jarrabawar gama sakandare: Turanci, da lissafi, da bayoloji, da kemistiri, da fizis. Daga nan ƙofa biyu ce. Ta ɗaya kwalejojin kiwon lafiya na jihohi, inda ake koyar da malamin asibitin karkara cikin shekara 3. Ta biyu jami'a, bayan jarrabawar JAMB, inda ilmin awon jini yake cin shekara 5. Ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Amma ina yi muku gargaɗi. Kowace sana'a a cikin waɗannan tana da hukumar da ke yi wa ma'abutanta rajista, ta ba su lasin. Kafin ka biya ko kwabo, bincika ko hukumar ta amince da makarantar. Attajiri ba ya sayen zane a duhu. Takardar da hukuma ba ta sani ba, jabun kuɗi ce.

Kada kuma a manta da 'ya'ya mata. Muna ƙorafi namiji yana duba iyalinmu a asibiti, alhali mu muka hana 'ya'yanmu koyon aikin. Wanda bai shuka ba, ina zai sa lauje?

Saboda haka malami ya zaɓi almajiri mai kaifin hankali ya ƙarfafa shi, attajiri kuma ya ɗauki nauyin karatun yaro ɗaya daga unguwarsu. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin. Wassalamu.